Kalmar "Bow" Da Zaman Hausawa A Gabas

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni kuwa da za a ba ni dama in ƙara, sai in ce rabin sani ya fi rashin sani haɗari, domin wanda bai sani ba yakan tsaya ya yi tambaya, amma mai rabin sani wucewa yake yi kansa tsaye har ya faɗa rami, ya kuma ja waɗansu su faɗa tare da shi. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a sha'anin harshen da ba naka ba. Mu da muke cin abinci da fassara a ɗakin labarai, waɗanda kullum labari yake zo mana da Ingilishi mu juya shi zuwa Hausa kafin a kai maɗaba'a, mun san cewa dogayen kalmomi ba su cika ba da wahala ba, don da ganinsu ka san ba ka san su ba, sai ka jawo ƙamus. Ƙananan nan da ɗan aji biyu na firamare yake ganin ya gama da su, su ne masu ka da mutum.

A wannan mako ina so in ɗauki guda daga cikinsu in baje ta gaban masu karatu, watau kalmar "bow". Baƙaƙe uku ne kacal a rubuce, amma lafazi biyu gare ta. Idan aka faɗe ta "bo", kamar yadda muke cewa zo, to, ana nufin baka na harbi, ko ɗan bakan da mai goge yake gogawa a kan tsirkiya, ko ƙulli mai kunne biyu irin na igiyar takalmi, ko ɗan maɗaurin wuyan nan mai kama da malam-buɗe-littafi da ma'aikatan manyan otal suke ɗaurawa. Idan kuwa aka faɗe ta "bau", kamar yadda muke cewa yau, sai ta koma sunkuyar da kai don gaisuwa, ko miƙa wuya ga wanda ya fi ka ƙarfi, ko sauka daga muƙami cikin girma, ko kuma goshin jirgin ruwa. A takarda babu wata alama da za ta gaya maka wacce ake nufi, sai dai ka dubi abin da ya zo gabanta da abin da ya biyo baya.

Wani zai ce ina ruwan mai karanta jaridar Hausa da wannan? To, ruwansa shi ne muna da 'yan'uwa masu ɗimbin yawa da suke zaune a Fatakwal da Onitsha da Enugu, waɗansu can aka haife su, can aka haifi iyayensu. Da su da masu masaukinsu, inda suka fi haɗuwa shi ne Ingilishi da ƙanensa Turancin buroka. Takardar haya da ta haraji da sammacin kotu duk da Ingilishi suke zo musu. Aiki ya sha kai ni waɗannan garuruwa uku, kuma na lura cewa kusan kowace ma'ana ta wannan 'yar kalma tana da wurin zama a tarihin mutanenmu na can.

Asalin Kalmar

Masana harshen Ingilishi sun nuna cewa fiye da shekara dubu da suka wuce kakannin Turawan Ingila suna da kalmar "bugan", ma'anarta lanƙwasa, da kuma 'yar'uwarta "boga", watau abin da yake a lanƙwashe. Daga ta farko aka sami rusunawa, daga ta biyu aka sami baka. Ke nan ɗan baka da mai gaisuwa uwarsu ɗaya a wajen Bature, wancan ya tanƙwara ice, wannan ya tanƙwara bayansa. Daga wannan gida ne kuma "elbow" ta fito, watau gwiwar hannu, inda hannu yake lanƙwashewa, haka kuma "rainbow", bakan ruwan sama.

A nan sai mutum ya yi mamakin yadda tunanin 'yan Adam yake haɗuwa. Bature ya ɗaga kai bayan ruwa ya ɗauke, ya ga abu a lanƙwashe a sararin sama, ya ce baka ne. Bahaushe ma, wanda bai taɓa jin labarinsa ba, ya ɗaga kai ya ce bakan gizo. Tsofaffinmu mata masu kaɗi suna da bakan shiɓa, wanda suke gyara auduga da shi kafin a kai ga mazari. Igiyar baka da igiyar molo ko garaya kuma duk tsirkiya muke ce musu.

Goshin jirgi ne kaɗai baƙo a wannan gida. Shi daga bakin matuƙan jiragen ruwa na Holan da arewacin Jamus ya shigo Ingilishi, inda asalinsa yake nufin kafaɗa, sai ya zo ya tarar da mai kama da shi, suka zauna ɗaki guda har aka daina bambanta su.

Kada kuma mu yi wa Bature dariya, domin mu ma muna da irin wannan. Idan na rubuta cewa wane ya kashe wane da baka, ina mai karatu zai san ko kibiya aka sa masa ko kuwa baƙar magana aka gaya masa? A baki mun san bambancin, sabo da karin sautin ba ɗaya ba ne, amma rubutun boko bai nuna shi ba. Haka gari na zama da gari na tuwo, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Bahaushe ba ya ruɗewa da waɗannan don da su ya tashi. Mai koyo shi ne abin tausayi.

Fatakwal

Bari mu fara daga bakin teku. Turawa sun kafa Fatakwal a 1912, a 1913 kuma Lugga ya raɗa mata sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka na lokacin. Dalilin kafa ta shi ne kwal ɗin da aka gano a wajajen Udi a 1909, wanda ake bukatar tashar da za a riƙa fitar da shi, har aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakanin tashar da Enugu, ta kammala a 1916. Bahaushe ya ji an ce Port Harcourt, harshensa ya lanƙwasa sunan ya koma Fatakwal, sai ga shi ya ƙare da kwal ɗin da aka gina garin dominsa.

Duk wanda ya tsaya a bakin tashar ya ga jirgi yana tahowa daga kogin Bonny, abin da zai fara gani shi ne goshinsa yana keta ruwa, "bow" ke nan a bakin ma'aikatan jirgi. Amma akwai wata 'yar gidan su "bugan" da ta fi wannan nauyi a tarihin ƙasarmu, ita ce "bight", watau inda gaɓar teku ta lanƙwashe ta yi lungu. A tsofaffin taswirori, lungun tekun da Fatakwal take fuskanta sunansa Bight of Biafra. Daga nan aka ɗauki sunan da Ojukwu ya sa wa Jihar Gabas ran 30 ga Mayu, 1967, lokacin da ya yi shelar ɓallewa. An gama yaƙi a Janairun 1970, a 1975 kuma gwamnatin soja ta sake wa lungun suna ya koma Bight of Bonny. Dubi yadda sunan lanƙwasar gaɓar ruwa ya zama sunan da har yau ba a ambatonsa sai zukata sun motsa. Mutanenmu na Gabas sun fi kowa sanin haka, domin bayan kashe-kashen da aka yi wa 'yan ƙabilar Igbo a Arewa a 1966, su ma ramuwa ta faɗa musu, waɗanda suka tsira suka baro dukiyarsu suka taho gida, ba su koma ba sai da ƙura ta lafa.

Zaman Hausawa a wannan yanki ya girmi Fatakwal ɗin kanta. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka sauka a Elele, cikin ƙasar Ikwerre, a kan hanyar da yanzu ta haɗa Fatakwal da Owerri. Giwaye suna ɓarna a gonaki, maharba suna neman haure, bukata ta haɗu da bukata. Watau sana'ar da asalinta kwari da baka ne ita ta fara buɗe mana ƙofa a can. Bayan an daina farautar giwa baka bai ɓace ba, sai ya koma hannun masu gadi. Shekaru da yawa, a unguwannin masu hali na biranen Kudu, siffar Bahaushe a idon mutane ita ce dattijo a bakin ƙofa, da butarsa da 'yar rediyonsa, da kwari da baka a jingine. Kalmar maigadi ma ta shiga bakinsu, ko da mai gadin ba Bahaushe ba ne.

A Diobu kuwa, wajen kasuwar Mile One, inda mutanenmu suke sayar da goro da albasa da tsire, za ka ji wata kalmar da take tafiya kafaɗa da kafaɗa da "bow", watau "bend". Kayan gwanjo da ake zubewa a ƙasa, waɗanda suke kira okirika da sunan garin Okrika da yake kusa da Fatakwal, suna kuma yi musu kirari da "bend down select", ma'ana duƙa ka zaɓa. Na tsaya na kalli ma'aikatan ofis da 'yan makaranta da matan aure, kowa ya duƙa yana tona, babu mai jin kunya. Wannan duƙawa ce ta neman sutura, ba ta rage wa kowa daraja.

Onitsha

Daga Fatakwal sai mu hau mota mu yi arewa zuwa Onitsha, wadda mutanenmu suke kira Anacha, a bakin kogin Kwara. Tun da aka gama tsohuwar gada a 1965, nan ne babbar ƙofar Gabas ga mai tahowa daga Yamma, sai a 2023 aka ƙaddamar da gada ta biyu. Manyan motoci suna sauke albasa da wake da tumatir da busasshen kifi da dabbobi daga Arewa, su ɗauki manja da kayan gyaran mota da sauran haja su koma. Kusa da babbar kasuwa akwai titin da ake kira Sokoto Road, akwai Bida Road, sunayen da suke shaida cewa ba jiya mutanen Arewa suka zo ba.

A nan ne ma'anar gaisuwa ta fi ɗaukar hankalina. Inda Bature yake da "bow" guda, mu muna da tuli. Akwai sunkuyawa, akwai duƙawa, akwai rusunawa, akwai durƙusawa, akwai tsugunawa, akwai gurfana, akwai faɗuwa gaban sarki. Kowace da wurinta, kowace da wanda ake yi wa. Yaro ya rusuna wa wansa, ya durƙusa wa mahaifinsa, mai laifi ya gurfana gaban alƙali. Ruku'u da sujada kuwa na Allah ne shi kaɗai. Yawan kalmomin nan ya nuna irin muhimmancin da abin yake da shi a wurinmu, domin mutane ba sa yi wa abu suna bakwai sai sun damu da shi.

Wani dattijo mai sayar da albasa, wanda ya haura shekara arba'in a garin, ya ba ni labarin zuwansa na farko. Ya ce da aka kai shi wurin mai gidan da zai kama haya, wani tsoho ɗan Igbo, sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna yana gaishe shi kamar yadda aka koya masa a gida. Tsohon ya firgita, ya tambayi wanda ya kawo shi ko yaron wani laifi ya yi, ko kuwa roƙo ya zo. Na ce, "Baba, to, ku yaya kuka ɗauki tasu gaisuwar?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ai mu ma da muka ga saurayi yana tsaye ƙiƙam yana miƙa wa sa'an ubansa hannu, cewa muka yi waɗannan ba su da tarbiyya. Sai da muka zauna da su muka gane cewa nasu ladabin yana cikin kalmar da za a kira babba da ita, da wanda zai fasa goro, da wanda zai fara magana. Shi ya ga na duƙa ya ce bara nake yi, ni na ga ɗansa a tsaye na ce girman kai ne. Ashe duk karatun muka kasa."

Wannan magana ta dattijo ta zauna mini. Jiki ma harshe ne, kuma ana yi masa gurguwar fassara kamar yadda ake yi wa kalma. Mutanen Onitsha kuwa sun daɗe da gane amfanin mallakar harshen da ake ciniki da shi. A shekarun 1950 da 1960 kasuwar nan ta yi suna a duniya sabo da ƙananan littattafai masu araha da ake bugawa ana sayarwa a cikinta, waɗansu na labarun soyayya, waɗansu kuwa na koyar da rubuta wasiƙa da gyara Ingilishi. Yaron shago yana jiran mai saye yana karatu. Mu a wannan lokaci, yawancin 'ya'yanmu da suke zaune tsakiyar wannan kasuwa ba a sa su a wannan hanya ba.

Ba kuma za a yi maganar Onitsha a tsallake Fabrairun 2006 ba, lokacin da tarzomar da aka yi a Maiduguri ta jawo ramuwa a kan 'yan Arewa a nan, aka yi hasarar rayuka, jama'a suka tsallaka gada zuwa Asaba, waɗansu suka fake a barikin soja. Abin lura shi ne wutar daga nesa ta taso, labari ne ya kawo ta. Inda labari yake iya ƙone kasuwa, yadda aka fassara shi ba ƙaramin al'amari ba ne.

Enugu

Mai shiga Enugu daga Arewa ta Obollo-Afor sai ya biyo ta mararrabar Ninth Mile Corner. Daga "corner" ɗin nan ta Ingilishi muka sami kalmar kwana, wadda yanzu ta zama tamu har muna cewa wane ya sha kwana. In ya bi tsohuwar hanya ta tsaunin Milliken, zai ga kwana a kan kwana, dutse a hannu guda, rami a ɗaya hannun. Direbobinmu sun san cewa wanda ya ce shi miƙe zai tafi a wannan hanya, ba zai kai gari ba.

Akwai ɗan Arewa guda da ya iya bin kwanonin Enugu fiye da kowa, shi ne Malam Umaru Altine, Bafillace daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato. Fataucin shanu ya kai shi, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya yi aiki da mutanen gari har suka yarda da shi. Da Enugu ta sami matsayin birni mai magajin gari a 1956, shi ne ya fara hawa kujerar, ya riƙe ta har 1958. A babban birnin Jihar Gabas ke nan, kuma da goyon bayan 'yan Igbo. Bai bar addininsa ba, bai bar rawaninsa ba, amma ya san inda ake sassautawa da inda ake tsayawa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi tsawonka yana nan.

A Enugun nan ne kuma na ga haɗarin rabin sani da idona. Wata safiya muna zaune a teburin mai shayi kusa da kasuwar dabbobi, ana cikin zaman ɗar-ɗar sabo da wata taƙaddama tsakanin hukuma da waɗansu 'yan kasuwa a kan batun tashinsu daga inda suke. Sai wani saurayi ya ɗaga wayarsa ya ce ga labari ya fito a jaridar Turanci, 'yan kasuwa sun ɗauko wa gwamnati baka. Nan take wuri ya yi tsit, wani har ya miƙe zai je ya rufe rumfarsa. Wani tsohon soja da yake gefe ya ce, "Kawo in gani, yaro." Ya duba ya ce, "Wannan ai 'bow to pressure' aka rubuta. Cewa aka yi sun sauko, sun yarda za su tashi. Ina ka ga baka a nan?" Aka yi dariya, aka ci gaba da shan shayi. Amma da babu tsohon nan a wurin, da labarin sulhu ya bar teburin a matsayin labarin yaƙi, kuma kafin azahar ya kai Kano ta waya.

Rusunawar Da Ba Ta Da Kyau

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kowace lanƙwasa alheri ce. Sashe na 147 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a naɗa minista sai Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi. Hikimar wannan ita ce a tsayar da mutum a yi masa tambayoyi a gaban jama'a kafin a damƙa masa amanarsu. Amma majalisar ta ɗauki wata al'ada da take kira "bow and go", watau rusuna ka wuce. In wanda aka kawo tsohon ɗan majalisa ne, ko yana da wata alfarma, sai a ce ya sunkuya wa sandar majalisa ya tafi, babu tambaya. A Yulin 2019, da aka kawo sunayen mutum 43, da yawa daga cikinsu haka suka wuce, a 2023 ma aka maimaita. A nan wanda ya sunkuya bai yi hasarar kome ba. Doka ce aka tanƙwara, talaka kuma shi ne bai ji amsar da ya kamata ya ji ba.

Malamanmu sun daɗe da rarrabe ladabi da ƙasƙanci. Cikin al'adun sarakunan Haɓe da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi akwai zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. Bai hana girmama na gaba ba, abin da ya ƙi shi ne a mai da ɗan Adam abin da bai kai mutum ba. Sabo da haka idan ɗan'uwanmu a Diobu ko a bakin gadar Onitsha ya sassauta murya ga maƙwabcinsa, ya bi dokar kasuwa, ya halarci taron unguwa, ya yi ta'aziyya in an yi mutuwa, wannan ladabin zama da mutane ne. Idan kuwa an miƙo masa takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ya dangwala yatsa don tsoro, ko an karɓi kuɗi a hannunsa babu rasiɗi ya yi shiru don bai san da bakin da zai tambaya ba, wannan ba ladabi ba ne, rashin tsirkiya ne.

Ga abin da nake nufi da tsirkiya. Ita kalmar "bend", a tsohon Ingilishi ma'anarta ta farko ɗaurewa ce, ɗaura wa baka igiya. Sabo da in an ɗaura igiyar icen yakan lanƙwashe, sai a hankali kalmar ta koma nufin lanƙwasawa. Kowane maharbi zai gaya maka cewa karkataccen ice da baka ba ɗaya ba ne. Karkataccen ice iska ce ta kwantar da shi, haka zai zauna har ya ruɓe. Baka kuwa da gangan aka tanƙwara shi, akwai abin da yake riƙe da shi, in an ja ya bi, in an saki ya koma yadda yake. Ba ina kiran kowa ya ɗauki makami ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da zai riƙe baƙo a garin mutane har ya lanƙwasa bai karye ba shi ne sanin harshen da ake rubuta doka da shi, da sanin abin da dokar ta ba shi.

Misali, mutum nawa ne cikin masu tura baro da masu gyaran takalmi da masu gadi a waɗannan garuruwa suka san cewa sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a kawo masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi? Iyaye nawa ne suka san cewa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ba ta kuma ce sai a jiharsa ta asali ba? Na shiga unguwannin mutanenmu a garuruwan nan uku da hantsi, lokacin da 'ya'yan maƙwabta suke aji, na ga namu suna talla ko suna wasa a bakin rumfa. Waɗannan yara suna jin Hausa, suna jin buroka, da yawa suna jin Igbo kamar 'yan gari. Allah ya ba su kunne, abin da ya rage a ba su alƙalami. Yaron da ya tashi da harshe uku, in ya sami karatu, shi ne lauyan gobe da tafintan kotu da ɗan jaridar da zai gaya wa Arewa gaskiyar abin da yake faruwa a Gabas, ya kuma gaya wa Gabas gaskiyar Arewa.

Ina kira ga sarakunan Hausawa na Fatakwal da Onitsha da Enugu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan shanu da direbobi, waɗanda suke iya tara kuɗi cikin kwana guda in an kama motar ɗan ƙungiya, su dubi wannan al'amari da irin wannan ido. Ajin yamma na manya a harabar masallaci ba zai ci kuɗin buhun albasa goma ba. A nemi malami guda da zai koya wa mutane karanta takardar haya da rasiɗi da kanun jarida. A sa yara makarantar boko da safe, allo da yamma, kamar yadda ake yi a gida. Gwamnatocin jihohin Arewa ma, waɗanda waɗannan mutane suke aiko wa jama'arsu kuɗi kowane wata, bai kamata su tuna da su sai ranar da aka aika motocin kwaso su ba.

Mu kuma 'yan jarida namu nauyin ya fi na kowa, domin abin da muka rubuta shi ake karanta wa wanda bai iya karatu ba. Wajibi ne mu tsaya a kan kowace ƙaramar kalma mu tambaye ta wacce ce ita, kafin mu sake ta ta shiga gari. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, 'ya'yanmu na Gabas kuwa yanzu suke ɗanyu. Allah ya ba iyayensu ikon kula, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.